Jif Ɗin Kawu da Albasar Danchadi

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma Kawu ya riga mu. Da hantsi ya cika a ɗakinsa nan Bodinga, kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Ni ɗan ƙanwarsa ne. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya kai ni koyon ɗinki, shi ya yi mini aure. Saboda haka ni aka zaunar kusa da liman a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa, kuma a nan kunnena ya sha abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Mutane sun zo, ba zan yi ƙarya ba. Daga Shagari, daga Mandera, daga Lambara, tabarmi har bakin hanya. Amma da an shafa fatiha sai hira ta karkata kan mota. Wani dattijo mai fataucin gishiri ya ce Allah ya jiƙan mai jif, ai motar nan ita ta cinye shi. Wani ya karɓe ya ce son a sani ne, mutum yana manomi ina shi ina motar manya. Na gefensa ya ce a'a, bai yi asara ba, duk wanda ya ja sai ya ba shi mai, ƙila ma har riba ya ci. Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a gidan mutuwa ana rufe baki da hannun riga. A cikin gida kuwa, matata ta gaya mini mata suna ta jajanta wa Inna, matar Kawu, wai ta yi haƙurin zama da mutumin da ya fi tausayin ƙarfe a kan iyalinsa.

Na dubi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya. Wallahi da wuya ka nuna wanda igiyar Kawu ba ta taɓa fitar da shi ko kayansa daga laka ko yashi ba. Liman ya ga ina huci, ya dafa mini gwiwa, na haɗiye. To, a kan tabarma na haɗiye, a kan takarda ba zan haɗiye ba. Ba mota ce ta cinye Kawu ba. Duro ɗaya ne na mai da albasar rani ɗaya, wadda gidanmu gaba ɗaya ya dogara da ita, kuma zan faɗi yadda aka sha man.

Kawu ya sayi jif ɗin a farkon zamanin siyasa ta biyu, lokacin da kowa ke ganin arziki ya zo ke nan ba komawa. Tsohuwa ce, wasu masu aikin hanya suka gama da ita aka yi gwanjonta a Sakkwato. Mai son ado ba ya sayen motar da ake ɗaure ƙofarta da waya. Gonarsa ta fadama a Danchadi take, hanyar kuwa da damina laka, da rani yashi, kuma ya gaji da roƙon direbobi su shiga su ɗauko masa amfanin gona. Dillalin ya rantse masa da abu biyu: motar za ta ja giwa, mai kuwa ba ta sha, sai dai ta kurkure baki kamar mai azumi. Kawu kan ce dillalin nan mutumin kirki ne, rabin maganarsa gaskiya ce, kuma a kasuwar mota rabi ba kaɗan ba ne.

A kan kwalta, ba kaya, daga Bodinga zuwa Shagari, shanta da dama-dama. Amma tana da wata ƙaramar giya kusa da babbar, wadda in an sa ta ƙafafun huɗu duk suke kama aiki. In aka sa wannan, aka ɗaura mata mota mai kaya a baya, tana gurnani cikin yashi tana ja da ƙyar, sai ka ga allurar mai tana sauka ido na kallo. Abin da za ta sha kafin ta fitar da motar katako daga wuri mai nisan jifa ɗaya ya isa ya kai ka Sakkwato. Ba labari aka ba ni ba, na sha zama a gefensa ina kallon allurar nan.

A nan ne mutanenmu suka cuce shi, kuma abin takaicin, da yawansu da zuciya ɗaya suka yi. Mu a nan ba a biyan ladan taimako. Abin kunya ne a miƙa, abin kunya ne a karɓa. Amma in ka ari jakin mutum, kana mai da shi da harawa gwargwadon nisan da ya yi: in bayan gari ne ɗan ƙunshi, in Lambara ne dami. Da jif ta zo sai suka ɗauke ta jaki. Mutum zai tsaya bayan an fitar da shi, ya dubi inda ya kafe, ya dubi inda yake yanzu, ya ga ai taku kaɗan ne, sai ya zuƙo mai da tiyo cikin kwalba ya miƙa yana jin ya yi bajinta. Kawu ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya har da sa albarka, ya koma gida da tankin da ya rage fiye da yadda ya fito da shi. Wannan ita ce ribar da ake faɗa a kan tabarmar makokinsa.

Yana da yadda yake aikinsa. Ba ya ja da sarƙa, igiya ce mai kauri, ya ɗaura tsohuwar taya a tsakiyarta don kada fizga ta karya wani abu. Ba ya yarda kowa ya ɗaura masa, da kansa yake tuɓe babbar riga ya rataye a madubi, ya kwanta cikin laka ya shiga ƙarƙashin motar mutane. Kuma kowa sai ya sauka ya tura, mai rawani da mara rawani. In kaya sun yi yawa sai an rage, domin ya san iyakar ƙarfin motarsa ko da dillali bai sani ba.

A kan haka suka yi faɗa da dattijon nan mai gishiri. Motarsa ta nutse har ciki a mashigin ruwa kan hanyar kasuwar Shagari, ya ƙi a sauke buhu ko ɗaya, wai gishirinsa zai jiƙe. Kawu bai yi masa gardama ba. Ya hau kan jif ya zauna ya fito da goro, ya ce shi ba ya sauri, ruwan ne ke sauri. Mai gishiri ya yi zagi ya yi roƙo ya kira sunan iyayen Kawu da alheri da akasinsa, ruwa na ƙaruwa. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya yarda aka sauke rabi, Kawu da kansa ya ɗauki buhuna a ka zuwa tudu, sannan ya ja motar ta fito. Mutumin bai yi masa magana ba har damina ta wuce, ko kwalbar ma bai bayar ba.

Lokacin zaɓe 'yan wata jam'iyya suka zo suna so ya ja musu amalanke da makaɗa da lasifika su zaga ƙauyuka, suka ce za su cika masa tanki kullum. Ina wurin, ya ce da su:

"Motata tana jan wanda yah hwaɗi. Mai biɗar hawa shi biɗi tsani."

Ba a yi mako ba motarsu ta kafe kusa da Mandera, ya je ya fitar da su. Bayan su na ɗaya jam'iyyar suka kafe a wuri ɗaya, su ma ya fitar da su. Kowane ɓangare ya riƙe shi da haushin ya taimaki ɗayan. Shi dai cewa yake ba a tambayar na cikin rami daga wane gida ya fito.

Ni ban iya shiru ba, kowa ya san ni. Wata rana wani mai akori-kura ya miƙo kwalbarsa, na ce da shi ya ji tsoron Allah, abin da aka ƙona a kansa ya ninka wannan ba adadi. Mutumin ya yi dariya ya nuna mini wurin da hannu, ya ce in duba da idona, daga can zuwa nan ko tsohuwa ba ta gajiya. Kawu ya karɓi kwalbar ya ba shi haƙuri a madadina. A hanya, da muka hango gari, ya juyo gare ni.

"Kai dai tela, almakashi biyu gare ka, guda na shago guda na baki," in ji shi. "Mutum ya ba ka abin da idonai yag gani. Kana son shi ba ka abin da bai gani ba?"

Na ce to a gwada masa ya gani mana. Ya ce wanda ya fito daga rami kunya ta riga ta ishe shi, ba a ƙara masa da lissafi. Har yau ban yarda da wannan magana ba, amma ban sake yi a gabansa ba.

Sai zamani ya juya. Aka shiga tsuke bakin aljihu, sabulu da madara suka zama abin bin layi, sojoji suka karɓi mulki, mai ya yi ɓatan dabo. A kan wannan kuma damina ta ɗauke da wuri, geron da muka samu bai kai rabin rumbu ba. Gidan kuwa cike yake: Kawu da Inna, da jikokinsu da aka kawo riƙo, da ni da matata da namu 'ya'yan. Ɗinki ya tsaya, wanda bai ci ba ba ya ɗinka riga. Abin da ya rage mana albasar rani a fadama.

Kawu yana da ɗan injin ban ruwa mai amfani da fetur, irin man da jif ke sha. Ya yi ta jeka-ka-dawo Sakkwato, yana wuni a layi yana tarawa kaɗan-kaɗan, har ya cika duro ɗaya, aka ajiye a ɗakin da ke bayan zaure. Ya ce in aka yi tattali zai kai albasa har cira. Neman man nan ya sa muka yi dashe a makare, saboda haka lokacin da maƙwabtan gona suka fara cire tasu, tamu tana tsakiyar son ruwa. Motoci suka fara shiga fadama ɗaukar kaya, a hawan da ake fitowa kuwa akwai yashi mai cin taya.

Kusan kullum sai an yi sallama a zaure. Inna ta hana, ta ɓoye tiyo, ta ɗora turmi a kan duro. Kawu ya yi mata alkawari ya ajiye jif har a cire albasa, kuma na shaida ya yi niyyar cikawa, domin har batir ya cire ya kai ƙarƙashin gado. Amma da mutum ya tsuguna a gabansa ya ce kayansa na rana, sai ka ga Kawu yana duban ƙasa yana murza hula, can sai ya tashi ya shiga ɗaki ya fito rungume da batir. Ya ce wannan kaɗai. Gobe ma ya ce wannan kaɗai. Masu kwalba kuwa a shekarar nan ko kwalbar ba ta cika, tunda kowa na kukan babu. Duro ya yi ta sauka, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji yana amsawa.

Ranar da abin ya ƙare, jarka ɗaya ta rage, wadda aka tsiyaye daga gindin duro don ban ruwan makon. Da azahar maƙwabcin gonarmu ya zo a guje, mutumin da ke kiran Kawu Yaya ko da yake ba su haɗa jini ba. Motar da ya yi haya ta nutse a hawan nan da albasarsa duka a kai, 'yan dako sun watse, rana tana dafa buhuna. Inna ta fito har zaure, abin da ban taɓa ganin ta yi ba gaban baƙo, ta tsaya tsakanin Kawu da jarka.

"Malam, wanga ba mai ba na, tuwo na," in ji ta. "In kaz zuba shi cikin mota, tuwon jikokinka kaz zuba."

Kawu ya dubi jarkar. Sannan ya ce, "Na jiya. Amma in albasatai ta dahe cikin buhu ina kallo, da wane baki za ni cin tawa?"

Ta matsa gefe, ba don ta yarda ba, Kawu ya ɗauki jarkar ya juye a tankin jif. Na bi shi don kada ya shiga ƙarƙashin mota shi kaɗai. Ba wanda zai sauke kaya sai mu uku da direba, muka rage abin da muka iya, saura ya zauna. Jif ta ja, igiya ta miƙe, motar ta motsa ta koma. Aka haƙa, aka sa itace, aka sake. Tun azahar har rana ta yi sanyi ana abu ɗaya, injin na kuka, warin ƙuna na tashi, sannan motar ta hau tudu. Maƙwabcin ya yi ta godiya har da ƙwalla, ya karɓo kwalba wurin direba ya miƙa.

"Yaya, ga wanga. Allah ya so ba nisa munka yi ba."

Kawu ya karɓa da hannu biyu. Ba mu yi rabin hanyar gida ba jif ta yi tari ta mutu. Aka juye kwalbar, ta ɗan ƙara gaba ta sake mutuwa, muka tura ta gindin wata bishiya muka taka da ƙafa. Ku ji abin da ke ƙona mini rai har gobe. Motar nan ta yi kwanaki a bakin hanya. Motocin albasa suna wucewa suna danna mata oda kamar gaisuwa, ba wanda ya tsaya ya ce a ɗaura. Kowa ya ce mai ya yi wuya, ja kuma yana cin mai. Ashe sun sani! Da abin ya zo kan tankinsu kowa ya zama masani. A ƙarshe wani manomi mai shanun huɗa, wanda bai taɓa mallakar ko keke ba, shi ya ɗaura mata shanunsa ya kawo ta ƙofar gida.

Kawu ba zai roƙi kowa ba, ni na roƙa. Na je Sakkwato na wuni a layi na dawo da jarka wayam. Masu sayarwa a ɓoye sun faɗi kuɗin da ko keken ɗinkina na sayar ba zai kai mu cira ba. Na bi gidajen waɗanda aka ja, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce wallahi da na zo jiya, wancan ya ce shi ma nema yake. Maƙwabcin gona, wanda albasarsa ta riga ta isa kasuwa lafiya, ya dube ni da mamaki ya ce ai shi ya bayar tun a wurin, ko Yaya bai gaya mini ba.

Albasa ba ta jiran a gama neman mai. Ganye ya fara kwanciya. Kawu ya je bayan rumbu ya jawo itacen jigon da ya yar tun da ya sayi inji, ya kafa shi a bakin rijiyar fadama, ya ɗaura guga a kai ɗaya, curin laka a ɗayan. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba: ka sunkuya ka danna guga cikin rijiya, ka miƙe ka ɗago, ka juye a magudana, ka sake sunkuyawa. Aikin samari ne, su ma a gonar da ba ta kai rabin tamu ba. Mutum mai furfura ya kama shi daga sallar asuba har rana ta take. Na rufe shago na koma fadama, muna karɓa-karɓa, amma in na karɓa ba ya hutawa, sai ya ɗauki garwa ya nufi fangalin da ruwa bai isa ba. In na yi magana ya ce shi ya zubar da man, shi zai ɗebo ruwan.

Ƙasa ta fi mu sauri. Fangalin nesa ya bushe muna kallo, muka bar shi muka tattara ƙarfi kan na kusa da rijiya. Wata safiya ya sunkuya ya danna guga, sai na ji ya yi wani ɗan nishi, ya tsaya a haka riƙe da igiya. Na zaci hutawa yake. Da na matso ya ce in karɓi gugan a hankali kada ruwan ya zube, sannan in taimake shi ya zauna. A kan jakin aro muka kawo shi gida.

Abin da muka cira bai fi kusurwa ɗaya ba. Shekarar nan Inna ta sayar da tasoshinta na aure, yara sun ci tafasa da rama har sun daina tambayar tuwo, amma Allah ya raya su duka. Kawu ya daɗe a kwance. Mai ɗori ya yi nasa, wanzami ya yi nasa, asibiti sun yi nasu. Ya tashi, amma bai ƙara miƙewa ba. Sauran shekarunsa a sunkuye ya yi su, yana tafiya masallaci da sanda fuskarsa na duban ƙasa, har ya koyi gane mutane da takalmansu, ya gaishe ka da sunanka kafin ka yi magana. Jif ba ta sake tashi ba. Duk da haka ba a daina sallama a zaure ba, yanzu aron igiyar ake zuwa, shi kuma ya bayar, har ya bi mutum da bayanin inda zai ɗaura.

Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Mun gwada mu miƙe shi a hankali kamar yadda ake yi wa kowa, bayansa ya ƙi. Liman ya ce a bar shi, kada a wahalar da mamaci. A haka muka sa shi a likkafani. A maƙabarta da muka saukar da shi, ramin ciki na kabarin bai ɗauke shi ba, domin an haƙa shi irin na miƙaƙƙen mutum. Dole muka ɗago shi muka ajiye a bakin kabari, masu haƙa suka sake shiga suna faɗaɗawa, jama'a na tsaye cikin rana. Na ji wani a baya yana cewa a hanzarta, motar kasuwa na jiransa.

Da muka dawo na shiga wurin Inna. Tana zaune kan tabarma da carbi, ta tambaye ni abin da ya tsai da mu. Na gaya mata. Ta ɗago ta dube ni.

"Kun miƙe shi?"

Na ce a'a, Inna, ya ƙi.

"Madalla," in ji ta. "Shi tahi da shi hakanan. Tunda nan ba a gani ba, a gani can."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa inda ya kwanta.